Kafin Ka Kira Kanka Injiniyan Sauti

Ƙannena masu sha'awar aikin situdiyo, maza da mata, da ku nake. Na san yadda abin yake farawa a yanzu. Yaro ya samu laftop, ko da ta hannu ce, wani aboki ya zuba masa FL Studio ko Cubase, ya kwana biyu yana danne-danne har kiɗa ya fito, ya tura wa abokai a WhatsApp suka yi ta zuba yabo. Kafin wata ya kama ya liƙa "injiniya" a gaban sunansa a Facebook. Ban raina wannan ba. Zumuɗi ne, kuma duk gwanin da kuke gani a yau da zumuɗi ya fara. Amma ɗauki waƙar nan taka ka fitar da ita daga ɗakinku. Saka ta a ƙaramar waya. Miƙa wa direban A Daidaita Sahu ya kunna a sifikarsa. Kai wa mai saka kiɗa a gidan biki ya buɗe ta da ƙarfi, bayan wata waƙar da ta fito daga hannun ƙwararre. A ɗaya daga cikin wuraren nan za ka ji muryar mawaƙin ta nutse, ko gangar ta yi ɓatan dabo, ko wani tsiwa-tsiwa yana tsaga kunne. Manhaja ba za ta faɗa maka dalili ba. Mai faɗa maka mutum ne da ya daɗe yana jin irin wannan ciwon yana yi masa magani, kuma ba ka samun abin da ke kansa sai ka je ka zauna kusa da shi.

Mu fara raba aikin tukuna. Mai kiɗa daban, injiniyan sauti daban, ko da yake a situdiyoyin Titin Gidan Zu a Kano, da na Kaduna da Jos da Damagaram, sau da yawa mutum guda ne yake buga kiɗan, ya ɗauki muryar, ya haɗa, ya tace, har ya karɓi kuɗin. Mai kiɗa shi ke ƙirƙira. Injiniya shi ne mai tabbatar da cewa abin da aka rera a gaban makirufo ya isa kunnen mai sauraro lafiya, a kowace irin sifika aka kunna shi. Yawancinku na farkon kuke so, don shi ne mawaƙi ke ambata a farkon waƙa. Na biyun ba a cika jin sunansa ba, amma shi ne ya fi wuyar samu, kuma wanda ya iya shi ba ya rasa abin yi.

Masana'antar nan tamu ma ba a aji ta tashi ba. Tun daga Turmin Danya a 1990, fina-finan Hausa suka buƙaci kiɗa da murya, kuma babu wata makaranta a Kano da ta yaye waɗanda suka yi aikin. A shekarun 1990 fiyanon Yamaha samfurin PSR ta shigo situdiyoyi irin na Iyan-Tama, matasa suka zauna suna kallon yatsun waɗanda suka riga su, wannan ya koya wa wancan, har aka samu wani amo da duk inda ka ji shi ka san na Hausa ne. Amon ya yi ƙarfin da a 2008 Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar mai kaɗa jita wanda yanzu duniya ta san shi, sai da ya tsallako Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, da irin muryar injin nan ta waƙoƙin fim. Daga nan waƙoƙin suka bi wayoyin hannu suka ratsa hamada. Duk wannan da koyon gani-da-ido aka yi shi.

Kada ku ɗauka talauci ne ya sa mu haka, wai da a Turai ne da satifiket ake farawa. A birnin Landan, a 1962, wani yaro mai suna Geoff Emerick ya shiga situdiyon kamfanin EMI bai wuce shekara 16 ba. Aikinsa ɗora tef, danna maɓalli idan an ce ya danna, da kama bakinsa. Ya zauna a ƙarƙashin injiniya Norman Smith yana kallo. A 1966, yana ɗan shekara 20, aka damƙa masa ɗaukar kundin Revolver na ƙungiyar Beatles. A nan ne ya cusa rigar sanyi cikin babbar ganga, ya matso da makirufo kusa da ita fiye da yadda dokar kamfanin ta yarda, aka samu amon da ba a taɓa ji ba. Mutane suna son ba da labarin karya dokar, suna manta shekarun da ya yi yana bin ta har ya gane dalilin kafa ta. A 1973 Emerick ɗin nan ya zo Legas tare da mawaƙi Paul McCartney, suka shiga situdiyon EMI da ke Apapa, suka tarar da kayan aiki ba su kama ƙafar na Landan ba, na'urar ɗauka mai layi 8 kacal. A haka ya ɗauki mafi yawan kundin Band on the Run, kuma aikin ya ciyo masa kyautar Grammy ta injiniya. Idan wani ya ce maka rashin kaya ne ya hana waƙarsa daɗi, ka tuna masa da Apapa.

To wa za ka je wa? Nan ne yara suka fi yin garaje. Sai su bi situdiyon da ya fi fitilu masu launi da kujerun fata, ko wanda taurari suka fi ɗaukar hoto a ciki. Ni shawarata, bi kunnenka. Tara waƙoƙi biyar ko shida da suka fito daga hannun mutumin, na mawaƙa daban-daban. Kana jin kowace kalma ba tare da ka maimaita ba? Muryar wannan ta bambanta da ta wancan, ko duk ya mayar da su murya ɗaya? Sannan ka tambayi labarin yaran da suka zauna da shi a baya. Ina suke? Idan an nuna maka biyu ko uku da suka buɗe nasu, kuma har yau suna zuwa gaishe shi, ka samu wuri. Idan kuwa duk wanda ya bar shi da rigima ya bar shi, ko yaron da ya shekara huɗu a wurin har yanzu aikensa sayen fetur ne kawai, to ka yi gaba. Akwai gwanin da hannunsa ya iya amma bakinsa ba ya bayani, akwai kuma mai ɓoye sani da gangan, yana juya maka baya idan zai taɓa wani abu a kwamfuta. Na farkon ana iya zama da shi, don ido zai ɗauki abin da baki bai faɗa ba. Na biyun ɓata lokaci ne.

Idan ka samu, kada ka je kai kaɗai kamar mara gata. Mahaifinka ko yayanka ko kawunka ya kai ka, a gaisa, a faɗi abin da aka zo nema, a san lokacin shiga da na tashi, a san ko akwai kuɗin koyo ko hidima ce za ta biya. Haka iyayenmu suke danƙa yaro a kowace sana'a, kuma yana sa maigidan ya san akwai idon da ke bibiya. Ke kuma ƙanwata, wannan ya fi zama dole a kanki. Mata sun cika waƙar Hausa da murya, amma da wuya ka ga mace a kujerar injiniya, alhali babu abin da ke cikin aikin da ya fi ƙarfinki, kuma mawaƙa mata da yawa za su fi sakewa a gabanki. Sai dai aikin situdiyo yana son dare, don a lokacin gari ya yi shiru. Ki nemi wurin da za a yarda ki koya da rana, wurin da ƙofa a buɗe take, da sanin gida.

Watannin farko ba daɗi. Shara, goge ƙura, sayo fetur, tada janareto, kawo wa baƙi ruwa. "Kai yaro, naɗe wayoyin nan." "To, Oga." Kana naɗewa a gwiwar hannu yadda ake naɗe igiyar shanya, sai ka ji tsawa. Wayar makirufo ba a naɗe ta haka. Ana yin zagaye ɗaya ta sama, na biyu a juya hannu ta ƙasa, don siraran wayoyin ciki kada su murɗe su karye. Wayar da ta karye a ciki ba ta nuna alama a waje, sai ranar da babban mawaƙi yake tsakiyar baiti ta fara ƙarar-ƙarar. A waɗannan watannin ne za ka san cewa sifika ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, don bugun wutar da ke fita idan an kunna sauran kaya kada ya fasa ta. Za ka san akwai makirufon da ba ya magana sai an tura masa wuta mai ƙarfin bolt 48 daga na'ura, akwai kuma irin Shure SM58, wanda tun 1966 ake dukan sa a dandamali bai gaji ba, shi ba ruwansa da wannan. Za ka san wannan gurnanin da ke kwance ƙarƙashin sauti, mai kama da kukan tiransifoma, na wutar lantarki ne, wadda a ƙasashenmu take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Kuma maganinsa yana wajen wayar ƙasa, da raba wayar wuta da ta sauti, da sanin soket ɗin da aka jona kowane abu, ba a cikin manhaja ba. Za ka san halin janareton gidan, da abin da sitabilaiza ke yi idan an kawo wuta da rabin ƙarfi. Mai ganin wannan bauta ce bai fahimta ba. Rabin matsalolin sauti a situdiyoyinmu daga wuta da waya suke, kuma wanda ya yi rarrafe a bayan tebur ne yake gano su cikin minti biyu.

Sai ranar da za a ce ka shirya ɗaki, mawaƙi zai ɗora murya. Tsaya ka ga yadda gwani yake yi. Kafin komai ya ce a kashe fanka, duk zafin da ake yi. Ya saka abin ji a kunne, ya buɗe makirufo, ya yi shiru yana sauraren ɗakin babu kowa: janareton maƙwabta, firji a falo, hon ɗin babur, agogon bango. Ya duba lokaci, ya ce a bari a kira salla tukuna, don lasifikar masallacin layin tana shigowa. Mawaƙi ya shiga, ya tsayar da shi kamar taƙi ɗaya daga makirufo, da ragar nan mai tare iska a tsakani, ya ɗan karkatar da makirufon don hucin baki kada ya doke shi kai-tsaye. Sai ya ce, "Alhaji, ɗan ba ni wurin da ka fi ɗaga murya." Lura, bai ce ya fara daga farko ba. Wurin da ya fi ƙarfi yake nema, don da shi zai saita ƙarfin shiga. A kwamfuta akwai rufin da sauti ba ya wucewa, sifili a ma'auni. Gwani yakan bar muryar tana kaiwa kamar desibel 10 ko 12 ƙasa da rufin nan, ya bar sarari saboda mawaƙi idan waƙa ta ɗebe shi sai ya wuce abin da ya gwada. Yaro kuwa yana son ya ga fitila ta yi ja, a ganinsa ƙarfi ke nan. Muryar da ta daki rufi ta fashe kamar tuwon da ya kama ne: duk miyar da ka zuba, ƙaurin yana nan. Sannan ya rage ƙarar abin ji na kunnen mawaƙin, don kiɗan kada ya tsiyayo ya shiga makirufo. Duk wannan bai wuce minti goma ba, kuma shi ne ya yanke hukuncin ko waƙar za ta yi kyau. Abin da ya biyo baya gyara ne kawai.

Ɗakin kansa kayan aiki ne, har ya fi makirufo muhimmanci. Tsaya a tsakiya ka tafa sau ɗaya. Idan ka ji wani zirrr ya biyo bayan tafin, bango da bango ne suke jifan juna da sauti. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, kuma abin da yake sha daga amon ɗaki kaɗan ne. Labule mai kauri, katifa, darduma da kabad cike da kaya sun fi shi aiki. Hana ƙarar waje kuwa sai bango mai nauyi da toshe kowace kafa, wannan aikin magina ne.

Yanzu ga inda nake so ku fi ba ni hankalinku. Bahaushe kalma yake saurare. Tun daga Ɗanƙwairo da Shata har zuwa Aminu Ala da Nura M. Inuwa, abin da ke sa mutum ya tsayar da abin da yake yi shi ne abin da aka faɗa da yadda aka faɗe shi. Kiɗa rakiya yake yi. Saboda haka duk haɗin da ya binne kalma ya faɗi, ko da gangar tana girgiza gilashin mota. Darussan da kuke kallo a YouTube yawancinsu an yi su ne kan kiɗan da murya take zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa, kuma kan harshen da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ da ts. Waɗannan baƙaƙen namu ƙanana ne a kunne, saurin wucewa gare su, kuma su ne farkon abin da ke mutuwa idan an matse murya da kwamfuresa fiye da kima ko aka lafta mata eko. Tsabtar kalma tana zaune ne wajen 2,000 zuwa 5,000 a ma'aunin kaɗawar sauti. Laka da duhun murya suna taruwa wajen 200 zuwa 400. Tsiwar da ke soke kunne tana can sama, wajen 5,000 zuwa 8,000. Waɗannan lambobi kowa zai iya haddace su da yamma ɗaya. Abin da ba a haddacewa shi ne ka ji murya ka ce, "laka ta yi yawa," kafin ka kalli allo. Wannan sai ka zauna a bayan oga, ya murɗa abu kaɗan, ka ji bambancin, ka tambayi kanka me ya ji da kai ba ka ji ba. Yau da gobe sai ka wayi gari hannunka yana ƙaiƙayi kafin nasa ya motsa.

Ga kuma Auto-Tune. Wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, ya fito da ita a 1997 don gyara ɗan kaucin murya a ɓoye. A 1998 waƙar Believe ta mawaƙiya Cher ta nuna wa duniya abin da ke faruwa idan an murɗe ta har ƙarshe. Mu kuwa muka rungume ta har ta zama tambarin waƙar fim. Ba na cikin masu tsine mata, ta ba mu wani salo da ya zama namu. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita zanin rufe tsiraici, a saka wa kowa gwargwado ɗaya, mai murya da mara murya su fito tamkar tagwaye. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma gwanin mawaƙi yana da lanƙwasa da jan murya da injin yake ɗauka kuskure ne, ya miƙar da su. Sanin inda za a sassauta mata, da wanda za a cire wa ita gaba ɗaya, shi ma a gefen gwani ake ɗaukar sa.

Akwai wani fagen da na ga kusan babu kowa a cikinsa, kuma ina kwaɗayin ku shiga. Fiyano ta sa yawancin injiniyoyinmu ba su taɓa ɗaukar kayan kiɗa mai rai ba. Kalangun da kuke ji a waƙoƙi da yawa daga cikin na'ura yake fitowa. Kawo wa yaro makaɗi na gaske da kalangunsa a hammata, sai ido ya raina fata. Kalangu ba ya tsayawa wuri guda. Makaɗin yana matsa tsirkiya yana saki, yana juya jiki, amon yana hawa yana sauka kamar magana, kuma yana fita ta fuska biyu. Ka manna makirufo a fatar, sai ka samu ƙwas-ƙwas ɗin makaɗi kawai, maganar ta tsere. Ka ja baya da yawa, ɗaki ya cinye. Kuntigi irin na Ɗanmaraya Jos, ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya, amonsa siriri mai kaifi, kuma mai kaɗa shi yana waƙa a lokaci guda, to yaya za ka raba murya da kiɗan, ko ma ya dace a raba su? Kiɗan ƙwarya irin na Barmani Choge, wata ƙwaryar a kife take a kan ruwa, tana ba da wani zurfin da babu na'urar da ta kwaikwaye shi daidai. Algaita da kakaki kuwa don fili aka yi su, idan ka kulle su a ƙaramin ɗaki sai su haukata ma'auni. Ga gurmi, ga kukuma, ga garaya, ga mandirin masu bege. Babu wani Bature da zai yi maka darasin waɗannan. Tsofaffin ma'aikatan gidajen rediyo, irin na Kaduna da Kano da Yamai, waɗanda suka ɗauki manyan makaɗa da makirufo ɗaya ko biyu, suna jera 'yan amshi da makaɗa nesa da kusa har sauti ya daidaita tun kafin ya shiga tef, su ne suka san wannan. Da yawansu sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Idan akwai ɗaya a unguwarku, sayi goro ka je gaishe shi.

Sai mutane. Mawaƙi a gaban makirufo tsirara yake, ko da ya fi kowa suna. Ya yi kuskure, kai yaron situdiyo ka yi dariya, ko ka kalli abokinka, to ka kashe zaman ranar. Ka lura da yadda oga yake cewa, "Ya yi kyau, Hajiya, amma mu ƙara ɗaya don ajiya," alhali ya san na farkon bai yi ba. Ka lura da lokacin da yake cewa a sha ruwa a huta, don ya ji muryar ta fara bushewa. Idan kana da shawara, ba a gaban baƙo ake faɗa ba, bari su fita, ka ce, "Oga, na ji kamar wani abu a baiti na biyu, ko kunnena ne?" Kuma abin da ka ji a ɗakin nan amana ne. Waƙar da ba ta fita ba dukiyar wani ce, wataƙila ya sayar da wani abu ya biya kuɗinta, wataƙila ta siyasa ce da ake jiran ranarta, ko ta amarya da ba a so a ji kafin biki. Ka tura wa aboki ɗaya don ya san kana harka da manya, kafin magariba ta zaga gari. Situdiyo yana yafe wa yaron da ya ƙona sifika. Wanda ya fitar da waƙa, labarinsa yana riga shi isa duk ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Cikin amanar har da adana aiki: kowane aiki da sunan mai shi da kwanan wata, a ajiye shi a wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a cikin kwamfutar ba. Kwamfuta ba ta sallama idan za ta mutu.

Kada wannan duka ya sa ku raina karatu. Oga zai nuna maka yadda ake yi, ba lallai ya san dalilin ba, kuma wani abin da yake yi gado ne na kuskure da shi ma ya tarar. Littafi da darasin intanet su ne za su ba ka dalilin. Wanda ya samu hali, akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA, duka a Jos. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya. Ka gyara Turancinka ko Faransancinka gwargwadon da za ka karanta takardar da ke zuwa da na'ura. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu, duk abin da ka gani da rana ka rubuta, da dare ka bincika. Idan abin da ka karanta ya saɓa da na oga, ba gardama za ka je yi ba. Jira ranar da ɗaki ya zama babu kowa, ka nemi izini, ka gwada duka biyun, kunnenka ya raba gardama.

Kuma ku daina ganin waƙa ce kaɗai kasuwa. Kalli fina-finanmu: hoto ya yi nisa, amma sau nawa ka ji muryar jarumi tana nesa, janareto yana kusa? Mai riƙe sandar makirufo da ya san inda zai tsaya, wanda ya san a fim sauti ana ɗaukar sa a ma'aunin 48,000 ba 44,100 na faifan CD ba, wanda yake tuna ya ce kowa ya yi shiru a ɗauki amon wurin na minti ɗaya don mai tacewa, daraktoci suna riƙe lambarsa. Tun da tashar Arewa24 ta fara a 2014 shirye-shirye masu dogon zango suka yawaita, ga masu fassara fina-finan Indiya, ga gidajen rediyo masu zaman kansu da suka cika Arewa tun bayan Freedom a 2003. Ga tafsirin azumi da wa'azi da karatun Alƙur'ani da ake ɗauka kowace shekara. Ga masallatan da lasifikarsu ke kuka tana sa jama'a toshe kunne, alhali sau da yawa maganin bai wuce a mayar da makirufo bayan sifika a rage ƙarfi ba. Wanda iyayensa ba sa son harkar waƙa, ga hanyoyi nan da zai bi da albarkarsu.

Ranar tafiya za ta zo. Alamar ita ce oga ya fara barin ka da baƙo ya fita, ya dawo ya saurara bai taɓa komai ba. Kada ka sulale, kada ka ja masa abokan ciniki ta bayan gida. Waɗanda suka kawo ka su dawo, a yi godiya, a nemi albarka. Idan ka fara karɓar aikinka, a yi maganar kuɗi kafin a kunna kwamfuta: nawa ne, sau nawa za a dawo gyara, wa ke da kiɗan bayan an biya. A rubuta, ko da a saƙon waya ne, don Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, amma doka ba ta taimakon wanda ba shi da shaida. Wajen sayen kaya kuma, gyaran ɗaki da wuta mai tsabta su ne gaba, sai sifikar aiki da ka san halinta, makirufo mai tsada ya jira.

Abu ɗaya ne a cikin kayan aikinka ba a sayar da shi a kasuwar Sabon Gari, shi ne kunnenka. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙayyade cewa ƙarar desibel 85 awa 8 ce iyakarta a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne kacal. Gaban sifikar gidan biki yakan kai haka, ya ma wuce. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma na sautin sama ne suke fara tafiya, wato daidai inda tsabtar kalma take. Shi ya sa za ka ga wanda ya daɗe a ƙara yana ta ƙara wa waƙa kaifi, shi yana jin daidai, jama'a suna yamutsa fuska. Yi haɗinka a ƙarar da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba, ka buɗe da ƙarfi na ɗan lokaci kawai don dubawa. Duk bayan awa guda ka fita ka huta. Idan aiki ya kai ka wurin taro, saka abin toshe kunne a aljihu, ana samun sa a kantin magani da wajen masu kayan gini da kuɗi kaɗan. In kuwa ka kwanta da dare ka ji kunnenka yana wani siririn kuka, gobe ka rage ƙara, idan ya ƙi ɗaukewa ka je asibiti a auna jinka.